Mudun Masu Ƙarfi: Daga Bindigar Katagum Zuwa Jiragen Yaƙin Teku



Kwanakin baya, a majalisarmu ta bayan isha'i, hira ta kai mu ga maganar 'yan sintirin unguwa da irin bindigar da doka ta yarda su riƙe. Sai wani matashi ya jefo tambaya: wai shin wa ya zauna ya raba bindigogi gida-gida, ya ce wannan talaka zai iya riƙewa, waccan kuwa sai hukuma? A daren ba mu ba shi gamsasshiyar amsa ba. Da muka koma muka bi diddigi, sai muka tarar zaren yana da tsawo. Ya taso daga gida, ƙasar Katagum, ya bi ta Turai, ya faɗa teku, sannan ya dawo ya same mu a inda muke zaune. Yawancinmu a nan fatake ne ko 'ya'yan fatake, mun san mudu, mun san sikeli. Don haka labarin ba zai yi mana wuyar ganewa ba, domin daga farkonsa har ƙarshensa maganar awo ce.

Sojan ruwa a garin da babu teku

Malam Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa masarautar Katagum wajen shekarar 1807. A zamanin Sarki Ɗankauwa, cikin watan Janairu na 1824, wasu Turawan Ingila biyu suka iso garin daga Borno tare da ayarin fatake. Ɗaya likita ne mai suna Oudney, wanda ya zo da ciwo a jikinsa, kuma ajali ya cim masa a Murmur, kusa da Katagum, ran 12 ga watan. Ɗayan shi ne Hugh Clapperton. Abin lura a nan, Clapperton hafsa ne a rundunar sojan ruwan Ingila, shi ma Oudney ya yi aikin likita a jiragen yaƙinsu. Ka ji ikon Allah, mutanen teku ne suka zo suka rubuta labarin garin da tsakaninsa da teku tafiyar watanni ce a wancan zamani.

Clapperton ya ƙiyasta cewa ƙasar Katagum tana iya fitar da mahaya kamar 4,000 da dakaru 20,000, kuma makaman da ya lissafa musu su ne baka da kibiya, takobi da mashi. Ya kuma ba da labarin yadda Sarki ya nemi ya gwada masa harbi da bindigarsa. Ya harba sau biyu daga nesa, duka biyun ya sami abin da ya auna. Sarki ya nemi tsari daga shaiɗan, sannan ya yafa masa riga ta alfarma da hannunsa. Ɗankauwa mayaƙi ne, ya gane abin da ya gani. Da Clapperton ya isa Sakkwato a watan Maris na shekarar, cikin abubuwan da ya tattauna da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har da batun samun makamai daga Ingila. Wato tun a lokacin shugabanninmu sun fahimci cewa bindiga suna ta tara.

Awon da aka yi mana a Brussels

Shekara 66 bayan wannan ziyara, ran 2 ga Yuli 1890, ƙasashen Turai da Amurka da Daular Usmaniyya da wasu suka sa hannu a wata yarjejeniya a Brussels, babban birnin Beljiyam. Manufar da aka bayyana ita ce hana cinikin bayi. Ba za mu ɓoye ba, cinikin bayi yana gudana a ƙasashenmu a lokacin, kuma ɓarna ce da ta raba iyaye da 'ya'ya. Amma a cikin takardar akwai sashen makamai, shi ne ya shafi maganarmu.

An shata wani yanki na Afirka, daga layi na 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa layi na 22 kudu da ita. Katagum da Azare suna wajen layi na 12, ka ga muna tsundum a ciki. A wannan yanki aka raba bindiga gida biyu. Gida na farko shi ne bindigar zamani, wadda ake sa mata harsashi ta baya, cikin bututunta kuma akwai tsagi mai murɗa harsashi ya tafi nesa ya faɗa inda aka auna. Wannan an hana sayar da ita ga mutanen ƙasa. Gida na biyu shi ne bindiga mai ƙanƙara, wadda ake ɗurawa ta baki, bututunta sumul, tare da albarushi na gama-gari. Wannan an yarda 'yan kasuwa su fitar da ita su sayar. Ita ce kakar bindigar toka da maharbanmu suke rataye da ita har yau, wadda ake wa kirari da harba-ka-ruga. Su kuwa hukumomin Turawa, takardar ta bar musu dama su ba sojojinsu da 'yan sandansu duk irin makamin da suka ga dama.

Shekara goma sha uku kacal bayan haka aka ga amfanin wannan rabo. Ran 3 ga Fabrairu 1903 rundunar da ba ta kai mutum dubu ba ta ci Kano, da igwa da bindiga mai ruwa, kuma da yawa daga cikin sojojin Hausawa ne 'yan'uwanmu. Sakkwato ta faɗi ran 15 ga Maris. Katagum ta karɓi Turawa a shekarar ba tare da an gwabza ba. Maƙwabciyarmu Haɗeja ta ƙi, a watan Afrilu na 1906 aka yaƙe ta, Sarki Muhammadu ya rasa ransa tare da jama'a masu yawa. A 1916 aka ɗauke hedikwatar masarauta daga tsohuwar Katagum aka dawo da ita Azare.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa takardar Brussels ita kaɗai ta kayar da mu. Yaƙin basasar Kano ya raunana ƙasa, sarakuna ba su haɗa kai ba, dabarun yaƙinmu kuma na doki da mashi ne. Ko Rabeh, wanda ya ci Borno a 1893 da ƙarfin bindiga, Faransawa sun kashe shi a Kusuri a 1900. Abin da muke so a riƙe shi ne, an auna mana iyakar makamin da za mu riƙe a wani zaure da babu ko mutum ɗaya daga cikinmu.

Ranar da mudun ya juyo kansu

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya ƙare a 1918, manyan ƙasashe suka shiga rige-rigen ƙera jiragen yaƙin ruwa, alhali baitulmalinsu ya rame, musamman na Ingila. Sai Amurka ta kira taro. Ran 6 ga Fabrairu 1922, shekara shida da komawar sarauta Azare, ƙasashe biyar suka sa hannu a Washington: Amurka, Ingila, Japan, Faransa da Italiya. Wannan karon a tsakaninsu suka kafa sikeli.

Sun fara da manyan jiragen yaƙi, waɗanda za mu iya kira giwayen teku. Aka ce kowace giwa kada ta wuce tan 35,000, faɗin bakin igwarta kada ya wuce inci 16. Jimillar nauyi kuma aka kasa ta haka: Amurka tan 525,000, Ingila 525,000, Japan 315,000, Faransa da Italiya 175,000 kowacce. Wato in Amurka da Ingila sun ɗebi mudu biyar-biyar, Japan uku za ta ɗiba. Aka kuma yarda a dakatar da ƙera sababbin giwaye har shekara goma. Gaskiya wannan ɓangare ya yi aiki. An farfasa jirage masu yawa, wasu ma ba a gama ƙera su ba, kuɗin talakawa masu biyan haraji ya ɗan huta.

Matsalar ta ɓullo ne daga wani jirgi da ake kira kuruza. Shi bai kai giwa girma ba, amma ya fi ta sauri, kuma yana iya tafiya mai nisa shi kaɗai. Aikinsa irin na mahayan da suke raka ayari ne a zamanin kakanninmu: ya tsare jiragen kaya na ƙasarsa, ya leƙo inda abokan gaba suke, in an shiga yaƙi kuma ya tare wa fataken abokan gaba hanya. Ƙasa irin Ingila, wadda gyaɗar Kano da auduga da fatu da kuzar Jos suke isar mata ta ruwa, ba ta da abin da ya fi mata kuruza amfani.

A Washington ba a ƙayyade yawan kuruza ba. Abin da aka ce kawai shi ne, duk jirgin yaƙin da ya wuce tan 10,000, ko bakin igwarsa ya wuce inci 8, to za a lissafa shi cikin giwaye. An zaɓi wannan adadi ne domin Ingila tana da wasu sababbin kuruza masu kusan wannan nauyi da ba ta so ta rasa. To, ɗan kasuwa ya san abin da zai biyo baya. In hukuma ta ce kada farashi ya wuce kaza, washegari kowa a kan kazan zai sayar. Haka aka yi. Iyakar da aka sa don a tsaya ƙasa da ita, sai ta zama abin da kowa yake hari. Ƙasashen biyar duka suka shiga ƙera kuruza mai tan 10,000 da igwa mai inci 8, alhali kafin taron yawancin kuruza ba su kai haka ba. Don a sami wurin manyan igwa da injuna cikin wannan nauyi, sai aka rage kaurin sulken jirgi, har ana yi wa wasunsu ba'a da jiragen gwangwani.

Ko shi kansa awon akwai dabara a ciki. An yarda a auna jirgi da mutanensa da makamansa da guzurinsa, amma ban da man da zai sha da ruwan ajiya na tukunyar injinsa. Wannan ya yi wa masu tafiya mai nisa daɗi, domin suna iya faɗaɗa tankin mai ba tare da sikeli ya nuna ba.

Mai nauyi da marar nauyi

A 1927 aka sake zama a Geneva kan maganar kuruza, aka tashi baram-baram. Ingila tana son ƙanana masu yawa, har 70, don tsaron hanyoyin kasuwancinta. Amurka tana son manya don faɗin tekun Fasifik. Sai ran 22 ga Afrilu 1930, a Landan, aka cim ma matsaya, aka raba kuruza gida biyu. Wanda bakin igwarsa ya wuce inci 6.1 ya shiga gidan farko, shi ne aka riƙa kira mai nauyi. Wanda bai wuce ba ya shiga gida na biyu, marar nauyi. Aka ba Amurka masu nauyi 18, Ingila 15, Japan 12. Faransa da Italiya ba su yarda da wannan kason ba.

A lura da kyau, sunan yana cewa nauyi, amma abin da ake aunawa faɗin bakin igwa ne. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Japan ta cika kasonta na masu nauyi, sai ta ƙera wasu jirage huɗu, na farkonsu sunansa Mogami. Ta ɗora wa kowanne igwa 15 masu inci 6.1 daidai, ta rubuta su a gidan marasa nauyi, ta ce tan 8,500 ne, alhali sun wuce haka nesa. Mazaunin igwar kuwa tun farko an yi shi yadda zai karɓi babba. Da yarjejeniya ta mutu, wajen 1939, aka sauke ƙananan aka ɗora igwa 10 masu inci 8. Jirgi ɗaya, jiya marar nauyi, yau mai nauyi. Amurka ta mayar da martani da jirage irin Brooklyn, su ma igwa 15, nauyinsu kusan tan 10,000, amma a takarda marasa nauyi ne. Wannan bai saɓa wa harafin doka ba, ya dai kashe manufarta.

Akwai kuma waɗanda suka yi algus kai tsaye. A 1936 wani kuruza na Italiya mai suna Gorizia ya sami fashewa a cikinsa, dole aka kai shi tashar Ingila da ke Gibraltar don gyara. Da aka ɗaga shi daga ruwa, ma'aikatan Ingila suka auna, suka tabbatar ya wuce tan 10,000 ɗin da aka rubuta. Buhu ya hau sikelin wani, asiri ya tonu. Amma gwamnatin Ingila ba ta kai ƙara ba, domin a lokacin tana lallashin Italiya. Dama yarjejeniyar ba ta tanadi mai duba awo ba, kowace ƙasa ita take faɗin nauyin jirginta da bakinta. Ku ɗauka kasuwar hatsi ce babu sarkin awo, kowa ya zo da mudunsa daga gida.

A Japan kuwa kason biyar-biyar-uku ya zama ciwo a zuciyar sojoji, suna ganin raini ne. Firayim Minista Hamaguchi, wanda ya amince da yarjejeniyar Landan, an harbe shi a tashar jirgin ƙasa ta Tokyo a Nuwamban 1930, ya mutu a shekarar da ta biyo. A Disamban 1934 Japan ta ba da sanarwar ficewa, a ƙarshen 1936 yarjejeniyar ta ƙare.

Jirgin da ya ci sunanmu

Ran 25 ga Maris 1936 Ingila da Amurka da Faransa suka sake sa hannu a Landan, ba Japan. Wannan karon aka ce sabon kuruza kada ya wuce tan 8,000 da igwa mai inci 6.1. A kan wannan awo Ingila ta tsara wasu jirage ta raɗa musu sunayen ƙasashen da take mulka, irin su Fiji, Kenya, Gambiya da Uganda. Ɗaya daga cikinsu sunansa Nijeriya. An ƙera shi a bakin kogin Tyne a arewacin Ingila, aka tura shi ruwa ran 18 ga Yuli 1939, da igwa 12 masu inci 6 cunkushe a jikin da aka matse don ya shiga mudu. Kafin ya fara aiki a 1940 yaƙi ya riga ya ɓarke, babu mai sauran maganar awo.

Ran 12 ga Agusta 1942, yana rakiyar jiragen kaya zuwa tsibirin Malta, wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya ya harbe shi, mutum 52 suka mutu, amma bai nutse ba. Bayan yaƙi aka sayar wa Indiya, ya koma aiki a 1957 da sunan Mysore. Sunanmu ya ɗauka, amma ko kwana ɗaya bai zama namu ba.

Abin da ya zama namu shi ne wahalar yaƙin. Da rigimar Japan da sauran ta kai ga faɗa, a 1943 da 1944 aka kwashi runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa dazukan Bama. Ba Bama ta Borno ba, ƙasar da yanzu ake kira Miyanma. Samarin Arewa suna da yawa a cikinsu, har Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya. Waɗanda suka girma a Azare da kewaye cikinmu sun tarar da tsofaffin sojan Bama a unguwanni. Da yawansu ba su taɓa ganin teku ba sai ranar da aka ɗora su a kansa.

Amsar da muke bin matashin nan

Rabon da aka yi a Brussels bai mutu ba, ya dai sauya riga. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959, wadda ake aiki da ita har yau, ta raba bindiga gida uku. Akwai haramtattu, irin na soja, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na ƙashin kai, irin bindigar farauta ta zamani, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sannan akwai masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka, waɗanda suke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. A 2006 kuma ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Abuja kan taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai. Bambancin yau da 1890 shi ne, yanzu hukumar tamu ce, 'yan majalisar da za su iya gyara dokar mu muke zaɓensu.

Ba muna kiran kowa ya karya doka ba ne. Mu baƙi ne a garin mutane, bindiga ɗaya marar lasisi a ɗakin yaro ɗaya ta isa ta jawo wa zango duka bala'i, kuma mun ga yadda ƙaramar rigima take zama ta ƙabilanci. Duk mai aikin sintiri ya yi rajista, ya nemi takardarsa, ya yi aiki da sanin 'yan sanda da Sarkin Hausawa. Amma muna da haƙƙin mu tambayi hukuma abin da ba a tambayi Italiya ba a 1936: ina mai duba awo? Manomi a gida an ƙayyade masa harba-ka-ruga, ya kuwa bi doka, ɗan bindigar daji yana yawo da AK-47 babu mai tare shi. Dokar da mai biyayya kaɗai take kamawa, ƙarshenta mai biyayyar ne yake kwana a ciki.

Ga kuma abin da ya shafe mu kullum a kasuwa. Muna ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da masu filaye, da ƙaramar hukuma, kan haraji da rumfuna da wurin sauke kaya. Sau nawa muke tura wakili bayan an gama rubutu, a miƙo mana takarda mu dangwala? In an ce babbar mota kuɗinta kaza, ƙarama kaza, mu tambaya tun a zaure: da me ake gane babba, da taya ko da buhu, kuma wa zai ƙirga? Kakanninmu ba a gayyace su Brussels ba, ba su da laifi. Mu kuwa ana gayyatarmu taro, sai mu ce kasuwa ta riƙe mu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da zangonmu da ƙasar Katagum lafiya, ya sa mu cika mudu in mun auna wa wasu. Amin.